Ni da Dabinon Mai Girma

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya wani babban mutum ya tsaya a kaina da buta mai ruwan zinare, ya yi mini ban ruwa kamar shuka, aka ɗauki hoto, aka tafa. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don ni ba na son gaggawa.

Mu uku muka tashi a unguwa ɗaya a Kosti ta ƙasar Sudan, muka shigo Masar neman abin kai wa baki. Ni ina gasa gurasa a Iskandariya, Siddik yana kafinta a Dumyat, Babikir yana Bur Sa'id. To, Babikir ya samu aikin kuku a jirgin ruwa, jirgin zai tashi jiya da la'asar, kuma irin tafiyar nan ce da ba a sa mata ranar dawowa. Tun barinmu gida muka yi alkawari, ba wanda zai yi nisa sai mun sa hannu a kwano ɗaya. Maigidana ya ba ni hutun yini guda, bayan ya kalle ni kamar na roƙi ƙodarsa.

Na isa tashar mota da sassafe na tarar da ita wayam, sai maƙwabcina Kawu Shahata mai shayi yana korar ƙuda.

"Kawu, ina motocin?"

"An kwashe su, ɗana. Sun tafi kai masu tafi. Mai Girma zai buɗe hanyar shan iska ta bakin teku, gari-gari."

"Ba ita aka buɗe bara ba?"

"Ita ce. Sai aka rufe ta don a samu abin buɗewa bana."

"Wane Mai Girman ma tukuna?"

"Kai ma dai da tambaya. Wanda almakashi yake hannunsa mana."

Bas ɗaya ce ta rage, tana layin mai. Direbanta har ya wanke rigarsa ya shanya a madubi, domin an ce man gidan na ayarin Mai Girma ne, sai sun ƙoshi a ba talaka. Ban ga laifinsu ba. Motar babban mutum ai ba ta saba da yunwa ba, ta talaka kuwa ta iya azumi.

Ina tsaye ina tunanin Babikir, sai ga wata babbar mota cike da bishiyoyin dabino a cikin tukwane. Direban, wani mai gashin baki da ake kira Usta Ragab, ya leƙo.

"Kai Basudane, hannunka na da ƙarfi?"

"Ƙullun gurasa nake cuɗawa kullum."

"Hau baya ka riƙe mini su kada su faɗi. Har Bur Sa'id za ni."

A garin Rashid na gane aikin. Muka sauke dabinon muka jera a bakin hanya, aka warware ciyawa daga naɗi kamar darduma. Jiniya ta taso, Mai Girma ya sauko, ya yanke ƙyalle, ya yaba wa mutanen garin kan son shuke-shuke. Yana shiga cin kifi muka naɗe ciyawa, muka loda dabino, muka bi ta baya don mu riga shi gari na gaba.

A nan dole in jinjina wa manyanmu. Wasu ƙasashen sai su yi ta ɓarna, kowane gari da nasa bishiyoyin. Mu kuwa mota ɗaya ta wadaci bakin teku kaf. Kuma ku faɗa mini, a ina kuka taɓa ganin bishiyar da ta fi talaka yawon buɗe ido?

A Dumyat Siddik yana jira na da tukunyar wake a ƙunshe cikin tawul. Sai dai sabuwar hanyar tana da wani tsohon rami, kuma a cikinsa tukunyar dabino ɗaya ta fashe. Da muka jera sai ga giɓi a tsakiya. Wani mai kwat, wanda na raɗa wa suna Sarkin Tsayuwar Bishiyoyi, ya zo yana zufa kamar an tsamo shi daga teku. Ya dubi giɓin, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai dogo, kana iya tsayawa shiru?"

Kafin in buɗe baki Siddik ya karɓe. "Wannan? Ranka ya daɗe, tun muna yara sai an taɓa shi ake sanin yana da rai."

"Allah ya isa, Siddik," na ce.

Aka tsugunar da ni bayan wata gajeriyar katanga, aka danƙa mini ganyen dabinon da ya karye, na ɗaga sama da hannu biyu. Kuma duk jerin nan, a gabana Mai Girma ya ga damar tsayawa. Na ji muryarsa a saman kaina.

"Wannan ta fi sauran lafiya. Kawo butar."

Ruwa mai sanyi ya bi ta wuyan rigata har gadon baya. Na cije leɓe, jikina ya ɗauki ɓari.

"Ku duba, rawa take yi, ko iska babu," in ji Mai Girma.

"Murna take, ranka ya daɗe," in ji mai kwat.

Daga nan Mai Girma ya shiga jawabi. Ya yi alkawarin inuwa ga kowane talaka, ni kuma hannuwana sun sage, ina leƙen rana ta tsakanin ganye tana karkata. Ba jiƙewar ce ta dame ni ba. Jirgin Babikir ba ya jiran jawabi.

Da ya gama muka loda a guje. Usta Ragab ya taka mota kamar ya sato ta, ni na rungume dabino, Siddik ya rungume wake.

A ƙofar tashar jiragen ruwa muka tarar da 'yan rakiya cunkus, an hana kowa shiga saboda Mai Girma na tafe. Har da tsofaffi riƙe da ƙunshin abincin 'ya'yansu. Mai gadi ya tare mu.

"Yau ba mai shiga sai kayan ado. Waɗannan biyun fa?"

"Kayan ado ne," in ji Usta Ragab.

Mai gadi ya dubi ganyen da ya maƙale a gashina da rigata mai ɗiga, ya ɗaga ƙarfen ƙofa.

Muka sauke, muka jera, muka ruga. Babikir yana gindin matakalar jirgi da jakarsa, yana ta waige. Da ya gan mu sai ya saki jakar.

"'Yan banza, na ɗauka kun yashe ni! Kai kuma iyo ka yi daga Iskandariya?"

"Aikin gwamnati na yi. Zauna mu ci."

Muka tsuguna bayan tukwanen dabino, Siddik ya kwance tawul, ya kwarara man riɗi, na fito da gurasar da na gasa da hannuna, duk ta jiƙe. Muka sa hannu mu uku. Siddik ya ce wa Babikir ya rage gishiri kada ya kashe mutanen jirgi. Jirgi ya yi kuka, muka rungume juna, ya hau.

Daga can sama ya dubi bakin tashar, kore shar da dabino da ciyawa, ya ɗaga murya.

"Duk zamana a garin nan ban san yana da kyau haka ba! Sai yau da zan bar shi!"

A daidai lokacin Mai Girma ya yanke ƙyallensa ya wuce, Usta Ragab ya tada mota, washegari ana jiran dabinon a wani gari. Na riƙe hannunsa.

"Usta, don Allah bari jirgin ya yi nisa tukuna."

Ya dube ni, ya dubi Babikir yana share ido da hannun riga, ya kashe mota ya nemi shayi. Sai da jirgin ya zama ɗigo a kan ruwa muka fara naɗe ciyawa.

Saboda haka, duk wanda Babikir ya kira a waya ya tambayi labarin dabinon Bur Sa'id, don Allah a ce masa suna nan lafiya, har sun fara 'ya'ya.