Ranar da Na Koya wa Kulu Tafiya

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Saratu ba, kuma ko na so in manta, matan Shagari ba za su bar ni ba.

Bari in fara da Kulu. Ajinmu ɗaya a sakandaren 'yan mata, ita 'yar Danchadi, ni 'yar cikin Bodinga. Doguwa ce siririya, ba ta da surutu, har sandar rake muke ce mata. Bayan mun gama, wata mai ɗinki a Sakkwato ta fara sa mata kaya tana ɗaukar hotonta don talla. Daga nan sai ga ta a allon tallan atamfa. Sai Kano, sai fim (a na farkon aikinta kawai ta miƙa ruwa ta fita, na kalla sau uku don in tabbatar). Kafin mu ankara ta koma Hauwa, tana da shirinta na talabijin, tana zama a kujera mai laushi tana yi wa manya tambayoyi da Hausar Kano. Ni kuwa ina nan ina sayar da turaren wuta, ina kuma da aiki na biyu da ba wanda ya ɗauke ni: zagin Kulu.

Ranar wunin biki na ci kwalliya, na hau wani takalmi mai tsini da ban taɓa takawa ba, na shiga motar haya zuwa Shagari. Kusa da ni wata mata ce cikin niƙabi da baƙin tabarau. Muka gaisa, ta ce ita ma gidan su Saratu za ta. Sai bakina ya fara ƙaiƙayi.

Na ce, "Kin ji wai wagga 'yar fim za ta gabatar da taro? Kulu?"

Ta ce a hankali, "Awo, na ji. Ina kinka santa?"

Ai kamar ta buɗe famfo. Na ce kukanta a fim kamar na akuyar da aka ɗaure a rana. Na ce hasken nan nata duk mai ne. Na ce ta yar da harshen iyayenta, yanzu ko "mi" ba ta iya cewa sai "me". Na ce tambayoyin shirin nata rubuta mata ake yi. Matar ba ta ce komai ba sai "To" da "Ikon Allah", ni kuma na ɗauka daɗin hirar take ji. Da muka kusa shiga gari na ɗora babbar ƙaryar: "Wannan tafiyar da take taƙama da ita, ni na koya mata a bayan aji. Da kamar agwagwa take tafiya."

Ta ce, "Ashe ke ce malamar." Har na ji daɗi, wallahi.

A gidan biki an kafa rumfa, mata cike, an shimfiɗa jan kafet a kan yashi. Na samu kujerar gaba na harɗe. Can sai na ga abokiyar tafiyata ta nufi wurin lasifika, uwar amarya ta tarbe ta tana "Maraba da ɗiyata, an ce motarki ta lalace a Bodinga!" Ta cire tabarau. Ta ɗage niƙabi. Guɗa ta tashi.

(Na duba ko akwai ƙofar baya. Babu. Katanga ce, kuma da wannan takalmin ko tabarma ba zan iya tsallakewa ba.)

Ta gaida iyaye da Sakkwatanci tsantsa, wanda ya fi nawa nauyi. Sannan ta yi murmushin nan na talabijin ta ce, "Iyayena, yau Allah ya haɗa ni da malamata. Ita ta koya mini tafiyar da nike ci da ita. Don Allah ku taya ni roƙonta ta taso ta gwada muna asalin abin."

Ta nuna ni. Mai kiɗa ya saki kiɗa. Wayoyi suka ɗago sama.

Mai hankali da ta ce ƙafarta na ciwo. Ni na miƙe. Na riƙe ƙugu, na ɗaga haɓa kamar yadda nake ganinta tana yi (eh, ina kallon shirinta duk mako, kada ku tambaye ni). Taku na farko lafiya. A na gaba tsinin takalmin ya huda kafet ya nutse cikin yashi, ƙafata ta fita ta bar shi a tsaye. Na yi gaba ina iyo a iska, ɗaurin kaina ya yi nasa wuri, na sauka da gwiwa a gaban kakar amarya, hannuna ɗaya cikin kwanon alkaki.

Tsohuwar ta leƙo fuskata ta ce, "Sannu ɗiyata. Wagga tafiya, a Kano haka a ka yin ta?"

Wurin ya fashe. Kulu ce ta ɗago ni, ta kakkaɓe mini zane, ta ɗaura mini kallabi da hannunta, ɗaurin da ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ta raɗa mini a kunne, "Maganar kukan akuya kam kin yi gaskiya, darakta ma ya faɗa." Wannan kirkin nata ya fi faɗuwar yi mini ciwo.

Ban daina gulma ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yanzu sai na ga fuskar mutum tukuna, kuma ba na ikirarin koya wa kowa abin da za a iya cewa in tashi in gwada.