Rasuwar Fadama, Tankin Kifin Injiniya Maiwada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gaba mai faɗuwa har yanzu, mu maƙwabtan Injiniya Maiwada na unguwar Malaz muke sanar da 'yan uwa mazauna Riyad rasuwar Fadama, tankin kifi da ganyayen ruwa da ke falonsa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, bayan gajeruwar jinya da ba a gane ba sai da ta ci ƙarfinta.

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan ya san marigayiya. Koriya ce shar, ruwanta garai-garai. Maiwada kan dawo daga Birnin Masana'antu na Biyu da ƙarar injuna a kunne, ya zauna gabanta ko takalmi bai cire ba. Ba ta da hayaniya. Da safe sai ka ji ƙas, an buɗe mata iskar CO2 ke nan, abincin ganyenta. Daga nan sai ɗul, ɗul, ɗul na kumfa har yamma, sannan wani ƙas ɗin, fitila ta mutu.

Amma kada a yi wa mamaciya ƙarya, tana da tsirfa. Iskar da ganyenta ke so tana sa ruwa tsami. Abin da ke danne tsamin shi ne gishirin ƙasa da ke cikin ruwan famfo, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Ruwan galan da muke saya mu sha kuwa an tace shi tas, ba abin da ya rage a ciki. Shi ya sa Maiwada yake gauraya na famfo da na galan, ya ɗiga maganin kulorin, ya auna da 'yan kwalabensa, sannan ya zuba a hankali.

Cutar ajali ta shigo ne ta ƙofar alheri. Hajiya Delou, mahaifiyar matarsa Turai, ta zo ziyara daga Maraɗi, mace mai tausayi wadda ko kyanwar titi ba ta kwana da yunwa a ƙofarta. Tun ranar da ta sauka aka gaya mata mutanen gidan ba sa shan ruwan famfo. Sai ga shi ta ga surukinta yana tarar ruwan famfon nan a bokiti don kifi. Ba ta yi masa magana ba, sai ta kira Turai ta tambaye ta, ta yaya mutum zai tsare dabba a gilashi ya ba ta abin da shi ba zai sha ba, ko ba ya tsoron hisabi? Maiwada yana ji daga falo. Ya sunkuyar da kai. To me zai ce? Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ita ba, ko loma ɗaya ba ya iya kaiwa baki in tana wurin!

Kwatsam kamfani ya tura shi aiki wajen gari na 'yan kwanaki, Turai kuma tana dawam, wato aiki, a asibiti tun safe. Hajiya ta sa haris, mai kula da ginin, ya hawo mata da galan-galan. Kullum ta kwashe ruwan tankin da roba, ta maye shi da tsantsar ruwan sha, tana yi wa kifin addu'a. Iska kuwa ba ta daina shiga ba, kuma babu sauran abin da zai danne tsaminta. Abin takaici, ɗan ma'aunin da ke manne a gilashi iskar kaɗai yake aunawa, don haka yana nan kore abinsa. Turai na tura hotonsa, Maiwada na gani yana hamdala.

Ranar da ya dawo, tun daga ƙofa ya hango ɓarnar. Ruwa ya yi fari kamar tsarin shinkafa, ganye ya narke ya yi yauƙi, kifaye birjik a kan ruwa, ciki a sama. Ya rufe iska, ya auna ruwan, ya ga launin da bai taɓa gani ba. Hajiya tana bakin kicin tana ce wa Turai tsohon ruwan famfon ne ya riga ya cinye musu ciki, da ta zo da wuri da an cece su. Wallahi gumi ya jiƙe masa riga.

Marigayiya ta bar tukunyar iska, da fitila, da kwalaben awo da suka rasa abin aunawa. Ta kuma bar marayu, ƙananan kifi uku masu jan ciki da wani baƙi mai share gilashi, waɗanda Maiwada ya kwashe zuwa bokiti a bayan ƙofa. Numfashi suke da ƙyar. Ya san in aka sake juye musu tsantsar ruwan galan, shi ke nan. Ya roƙi Turai ta faɗa wa mahaifiyarta, ta gwada, Hajiya ta ce tun ba a haife su ba ta san ruwa mai kyau. Sai ya zauna gadin bokiti, yana kallon kifi da ido ɗaya, yana kallon ƙofar kicin da ɗayan.

Sallar Juma'a ce ta tashe shi. Ana sallamewa ya zuro takalmi, mun ga wucewarsa kamar wanda aka biyo. Ya tura ƙofa ya tarar da Hajiya a sunkuye kan bokiti, ta riga ta karkata jug ɗin ruwan galan.

"Hajiya, kar ki zuba! Ruwan nan ne ya kashe su!"

Har mu da ke matattakala mun ji. Hajiya ta ajiye jug ɗin a hankali. Ta dube shi, ta dubi tankin da ba komai a ciki, ta shige ɗaki ta rufe. Tun lokacin ba ta taɓa abincin gidan ba, kuma ta sa Turai ta matso mata da ranar tafiya. Turai ma gaisuwa kawai ke haɗa ta da mijinta. Kifin huɗu suna nan da rai.

Za a yi jana'iza gobe Asabar bayan La'asar. Za a wanke tsakuwa, a kai ganyen wurin shara, haris da maƙwabta su hau da gilashin saman bene. Zaman makoki a falo ne, a taimaka a yi ƙasa da murya. Muna roƙon dattawa masu furfura, musamman mutanen Maraɗi, su zo da wuri, don jirgin Hajiya na Litinin ne. Wanda bai ga mai gidan a wurin gaisuwa ba, ya duba ƙofar ɗakin baƙi. Yana nan a tsugune, ba a buɗe masa ba tukuna.