Abokina Na Gangara

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kwashi zumuntar matan majami'armu a bayan a-kori-kurata, na kai su gaida lafiyayyen mutum ba.

Ni dillalin aya ne a Agiye. Da tiya na fara awo, har Allah ya kai ni ga mota. Sana'ar ta koya mini kada in bari mai kaya ya ga buƙata a idona, domin in ya gani farashi ya tashi. Da wannan hali na shiga shekarar da matata Saratu ta rasu. Duk wanda ya yi mini gaisuwa sai in ce, "Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa," in gyara hula in wuce kasuwa. Ciki kuwa na ruɓe. Barci ya ƙaurace mini, kai na sara, tuwo ba ya wucewa. Ko Littafi Mai Tsarki na buɗe, baƙaƙe kawai nake gani. (A likita an ce jinina ya hau. Na ɓoye maganin a mota kada 'yata Hannatu ta gani.)

A majami'armu ta wancan lokaci, ginin laka mai rufin kwano, kafin a tashi sujada Fasto yakan tambayi mai roƙon addu'a. Ina son addu'ar, ba na son a san ni ne. Sai na miƙe, da muryar ciniki na ce, "Akwai wani abokina, matarsa ta rasu. Ba ya barci, ba ya ci, addu'a ma ta gagare shi."

"Ina sunanshi?" in ji Fasto.

Sunan da ya fara zuwa bakina na faɗa: Garba na Gangara, manomin da nake sayen aya wurinsa kowace kaka.

Aka yi addu'a, na ce amin da ƙarfi, ina jin na ci riba ban zuba jari ba. Ashe ban yi shawara da Iya Rahila ba, shugabar zumuntar mata, tsohuwa mai sanda wadda ko Fasto ba ya musu da ita. A bakin ƙofa ta tare ni.

"Baban Hannatu, zumunta a ƙafa take. Tunda ga mota, kai mu mu gaishe shi."

"Iya, hanyar rairayi ce."

"Mu da muka sha zuwa taro Tibiri a ƙasa?"

"Musulmi ne fa, Iya."

"Ciwo na tambayar addini? Tada motar, ɗana."

Kafin in sake ƙirƙiro wani dalili sun hau, da tulun kiɗa, da caki, da ƙwaryar kunu ta marar lafiya. Suka yi ta waƙa har Gazawa, muka sauka kwalta suna yi. (Yau in na bi hanyar nakan rage gudu, kamar zan ji su. Da yawansu suna wurin Ubangiji.) Ni kuwa gumi nake, ina ƙulla dabara: in mun isa zan shiga ni kaɗai, in fito in ce ya tafi Maraɗi.

Muna karya kwana sai ga Garba a ƙofar gidansa, damin gero a ka, ƙato kamar bijimin huɗa. Ya washe baki yana ɗaga mini hannu. Iya Rahila ta riga ni sauka.

"Sannu, Malam Garba. Sannu da jiki. Ya haƙurin rashin mai ɗakinka?"

Garba ya sauke dami a hankali. "Wace mai ɗakin, Iya?"

Dakan da ake yi a cikin gida ya tsaya. Matarsa ta leƙo da taɓarya a hannu. "Wa ya mutu? Ni?"

Garba ya dubi matan, ya dube ni, ya ce, "Iya, mu lafiya lau muke. In mai rashin mata kuke biɗa, ga shi nan ya tuƙo ku. Ku dubi wuyanshi kamar na zalɓe."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni da ban taɓa rasa amsa a kasuwa ba, na buɗe baki in gyara zance, sai kuka ya fito. Kuka irin na yaye, da majina, a gaban matan majami'a da maƙwabtan Garba. Ko ranar da aka binne Saratu ban yi shi ba.

Iya Rahila ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Malam Garba, ara mana tabarma." Aka shimfiɗa ƙarƙashin itacen bedi, suka zaunar da ni, suka ɗora mini hannu. Ta fara, "Ubangiji Yesu, ga abokin nan na Gangara, mun same shi. Ka taɓa jikinshi, ka taɓa zuciyarshi, ka maido shi gare ka." Mata suna hawaye suna dariya. Garba ya koma gefe ya tsuguna, da aka gama ya ce, "Allah shi ba ka lafiya, mutumina." Kunun nan kuwa ni na shanye shi tas. Har Iya ta bar duniya ba ta gaya mini ko tun a majami'a ta gano ni ba.

Ban warke ranar ba. Hannatu ta ƙwace maganin, ita ke ba ni. Fasto ya riƙa biyowa rumbun ajiyata muna karatu a kan buhuna. A hankali barci ya dawo, addu'a ta dawo, har na iya ambaton Saratu.

Abin da na koya shi ne, in za ka kai kuka wurin Allah, kai shi da sunanka. Dama ya san ka, sunan aro asarar man mota kawai zai jawo maka. Matar Garba kuwa har yau in na je awo sai ta leƙo: "Ga mai kashe matan mutane ya zo. Ya jikin abokin naka?"

Sai in ce, "Da sauƙi." Yanzu kuma gaskiya nake faɗa.