Talabijin Ɗin da Ta Cinye Fuskar Inna

Ɗana na fari ya sayo wa mahaifina sabuwar talabijin, ta cinye fuskar mahaifiyata. Kuma fa a kantin talabijin yake aiki, shekara shida, balle a ce rashin sani ne.

Bidiyo ɗaya tak muke da shi na Inna, Allah ya jiƙanta, na minti huɗu. Tana zaune can gefen hagu a ɗakinta mai ƙaramar taga, tana ɗinke aljihun rigar Baba tana yi masa faɗa. Kullum Baba ya karya kumallo sai ya kalla. A tsohuwar talabijin mai ƙusumbin nan da ta lalace, har wushiryarta ana gani. A sabuwar kuwa wani fari-fari ne kamar tururi ya kwanta daidai inda take. Na kira yaron na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya shigo yana washe baki.

"Lafiya lau, tsoho mai ran ƙarfe. Har yanzu kana nan kana cinye mana abinci?"

"Ina nan, ɓarawon mata. Ina ka kai min ita?"

"Wa, matata? Ai tun can ni take so, kai haƙuri kawai take yi da kai."

"Kai da take wanke wa kashi? Matso nan, mai kunnen faranti. Wannan toka-tokar ce matata? Matata baƙa ce mai sheƙi. Da gangan ka yi, kishi ne."

"Idonka ne ya ƙare. An ce jiya firji ka yi wa sallama."

"Ya fi ka ladabi. Ko ba komai ya ba ni ruwa."

Na ce ya bar shirme ya yi mana bayani.

"Umma, fitilun wannan a gefe-gefe aka jera su. In hoto na da duhu, sai hasken ya yi ambaliya a bakin gilashin. Akwai wadda fitilunta ke shimfiɗe a baya gaba ɗaya, inda duhu yake su rage, inda haske yake su ƙara. Akwai ma wadda ba fitila a bayanta sam, kowane ɗigo shi ke kunna kansa."

"Ka san duk wannan," in ji Baba, "ka zaɓo min mai yoyo?"

"Siririya na zaɓo, ta dace da ƙafafunka. Kuma wa ya ce matata ta je ta maƙale a gefe? Ga tsakiyar ɗaki."

"Don ta riƙa hango ƙofa ne, sakarai. Ranar kai take jira. Ka ce da azahar za ka zo, sai bayan kwana uku muka gan ka."

Baba ya danna, bidiyon ya tashi. Muryarta tana nan yadda take: "Wai yaron nan bai iso ba?" Ɗana ya durƙusa gaban gilashin, ya rage haske, ya ƙara, ya karkata kai. Bai ga fuskarta ba. Ni ma na juya ina gyaran labule, alhali ba abin da ya sami labulen.

Can ya yi 'yar dariya, yana share hanci da bayan hannu.

"Ka ci ni, tsoho. Tawa ta ɗaki zan kawo maka, mai fitilu a baya. Amma aro ne, ranar da ka tafi in ɗauke abata."

"Za ka yi furfura kana jira. Tashi, ka tsare min mata."

To, shi wannan na ba shi zuwa gobe da hantsi ya kawo ta. Saura ku masu kanti. Ku daina ruɗar mutane da hotunan jajayen kifaye da furanni. Ku rage fitilun kantinku, ku sa fuskar baƙin mutum zaune a ɗaki mai duhu, mai saye ya ga abin da zai kai gida.