Dutsen Taimamar Hajiya Hawa

"…to madalla. Ya ƙafa, amarya? Ta bar ki kin yi barci?"

"Ƙafa ta gode. Kai dai faɗi abin da ya kawo ka. Mijin da bai taɓa leƙo ni da hantsi ba, yau ga shi har da ƙullin goro. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Hajiya Hawa ke nan, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta a Matameye, tare da jikanta Sadisu, mushen tarihi a lise, wato malamin tarihi a makarantar sakandare. Shekara shida ya yi yana karatu a Maroko, ya dawo da wata ɗabi'a da har yau gidan bai gane kanta ba: tara duwatsun da mutanen da can suka sassaƙa tun kafin a san ƙarfe. Yana da kawunan kibau goma sha huɗu da gutsuren gatari biyu, kowanne da lambarsa, a naɗe cikin auduga a kwali. Duk daga arewa aka kawo masa su, babu ko ɗaya na ƙasarsu ta Kance. Jiya da la'asar ya ga kakarsa ta jawo wani dutse mai duhun kore daga ƙarƙashin tabarma ta yi taimama da shi. Gatari ne cikakke, ko bakinsa bai ɓantare ba.

"Ni da matata sai na nemi dalili? Karɓi, fari ne, mai taushi, daidai haƙoranki biyu."

"Uku ne, marar kunya. Na ukun yana ciki, namanka yake jira."

"Allah ya ba shi haƙuri. Hajiya, dama dutsen nan naki na taimama…"

"Ayyiriri! Jama'a ku fito ku gani! Ashe ba ni aka zo zance ba, wurin dutse aka zo."

Sadisu ya sa hannu a aljihu ya fito da wani farin dutse mai sulɓi, ya ajiye a gefen tabarma.

"Ga sabo. Daga bakin kogin Yamai na sa aka ɗauko miki, fari tas. Ki ba ni tsohon ki huta."

"Oho, canji ka zo yi, irin na masu yawo da robobi suna karɓar tsofaffin tukwane. Ubanka ya rabu da bijimi biyu ya tura ka Maroko, ka dawo mana ɗan jari-bola. 'Ya'yan mutane suna dawowa da mota, nawa ya dawo da tsakuwa."

"Wannan ba tsakuwa ba ce, tsohuwa. Gatari ne. Mutum ne ya yi shi da hannunsa."

"Gatarin aradu ne. Daga sama ya faɗo, kowa ya sani, har akuyar gidan nan."

"Aradu tana da maƙera ne a sama?"

"Ka jira damina ta faɗi, ka tsaya a tsakiyar gona ka ɗaga kai ka tambaye ta. Ni zan riƙe maka takalminka."

"Wallahi shekararsa ta kai dubu huɗu, wataƙila biyar."

"Kana nan aka yi?"

"Ba na nan, shi ya sa na zo wurin wadda take nan. Ai sa'arki ne. Wa ya sani ko cikin kayan ɗakinki aka kawo shi."

"Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan nan. Kai kuwa ko ruwan zuma ba ka kai ba, ruwan wankin ƙwarya ne."

Sadisu ya gyara zama, ya sauke murya kamar mai jaje.

"Ni fa sallarki nake tausayi. Waɗanda suka yi dutsen nan ko alƙibla ba su sani ba. Ba su san tsarki ba, ba su san azumi ba. Kayan arna kike shafawa a fuska."

Hajiya ta tsaya da taunar goro. Ta dube shi, ta dubi gefen tabarma, sannan ta ci gaba da taunarta.

"Shekara ashirin da uku yana jin Fatiha safe da yamma. Ya musulunta tun kana kuka a hanyar makarantar lekol da majina har baki. Kuma bai taɓa makara sallar asuba ba. Kai fa? In kira uwarka ta ba da shaida?"

"A bar kaza cikin gashinta."

"Ai na sani."

"To tsaya ki ji gaskiya. Yaran ajina sun ce tarihi na mutanen Agadas ne, mu nan gero da gyaɗa kawai muka gada. Duk abin da na nuna musu, sai su ce daga ina, in ce daga arewa, su yi dariya. Ina son ɗaya da zan ɗaga in ce wannan na ƙasarku ne. Zan sa masa lamba, in naɗe shi cikin auduga, ba mai sake taɓa shi."

"Dutse a auduga, kakarka a tabarma! Kai, Allah ya isa tsakanina da Maroko."

"Ke ma zan sa miki lamba. Lamba ɗaya. Babu abin da ya girme ki a kwalin."

"Ka sa wa uwarka. Miƙo hannu, ka gani da ido ka bar ni in sha iska. Gani kawai na ce."

Ta ɗaga gefen tabarma ta ɗauko dutsen ta ɗora masa a tafi. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, baki mai faɗi, gindi siriri. Sadisu ya juya shi wajen haske, muryarsa ta koma irin ta aji.

"Dubi wannan gefen, Hajiya. Yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Wani mutum ya zauna wata da watanni yana goga shi a kan wani dutsen, da yashi da ruwa. Na ga gatura da yawa a can, ban ga hannun da ya kai wannan ba. Gwani ne na gaske. Ɗayan gefen kuwa, kin gani, bai kai wannan ba. Bai gama aikin ba. Ko ciwo ne ya kama shi, ko an tashe su daga wurin. Jiya har na fara rubuta wa malamina labari."

Hajiya ta kwashe da dariya har tari ya sarƙe ta, ta riƙe kafaɗarsa tana share hawaye da bakin mayafi.

"Me na faɗa na dariya?"

"Gwanin naka yana gabanka yana cin goro."

"Kamar yaya?"

"Ranar da kakanka Malam, Allah ya jiƙansa, ya kawo shi, gefen biyu duk ɗaya suke, dushi-dushi kamar bayan ƙwarya. Lokacin sanyin ƙashi ya kama ni, likita ya ce in yi nesa da ruwa. Malam ya dawo daga gona ya sa mini shi a hannu, ya ce ga butarki. Tun ranar wannan gefen nake shafawa, ɗayan yana kwance a ƙasa. Ajiye shi ka gani."

Ya ajiye. Ta ɗora tafinta a kai. Sheƙin ya tsaya daidai inda tafin ya tsaya.

"Yau da gobe ke sa allura ta haƙa rijiya," in ji ta. "Wanda ya sassaƙa ya yi nasa, ni na ƙarasa. Sai ka gaya wa malamin naka gwanin yana nan da rai, kuma yana son shayi da madara."

Sadisu ya kalli hannun. Ya ɗauki dutsen, ya sake juya shi sau ɗaya, sannan ya ɗaga gefen tabarma ya mayar da shi inda yake.

"Na sara miki, tsohuwa. Wannan ba na kwali ba ne. Mai shi bai gama aiki da shi ba."

"Yau kam ka yi magana kamar wanda aka haifa a gidan nan."

"Amma ki taimaki mijinki da abu ɗaya. Wace gona? Dutsen da ba a san inda ya fito ba, rabin labarinsa ya ɓata."

"Kai, wawa! Da wannan ka fara tun ɗazu, da ban ƙarar da yawuna ba. Ka ga ɗan tsako ka manta da uwar kaza. Gonarmu ta Tsauni, ta wajen kwari. Kowace huɗa sai sun ci wa Malam bakin garma. Haushi ya sa yake tsince su yana zubarwa a gindin gawon da ke kan iyaka. In ba a kwashe ba, suna nan tuli."

Sadisu ya miƙe tsaye, har ya yi ƙwallo da ƙullin goron.

"Tuli? Irin wannan? Guda nawa?"

"Ka ga na yi kama da mai ƙirga duwatsu? Zauna kar ka faɗa mini a ka. Gobe da safe ka zo da moto in kai ka, don kai ko gawo ba za ka iya bambanta shi da kuka ba. Amma da sharaɗi."

"Faɗi, ko guda goma ne."

"In mun je, ni zan fara zaɓa. Wanda ya fi kyau nawa ne. Wannan na kusa cinye shi."

Sadisu ya dubi hannunta, ya yi dariya har ya dafa bango.

"Na yarda. Allah ya ba ki shekarun da za ki cinye shi, ki cinye na biyun ma."

"Amin," in ji Hajiya, tana ɓare sabon goro. "Ko da ba da zuciya ɗaya ka faɗa ba, mala'iku sun riga sun rubuta."