Yadda Kwamfutata Ta Kama Aikin Hukuma

Yau ma ƙafata ta kai ni ofishin Cibiyar Ilimin Zamani, yau ma aka ce in dawo jibi, wai mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Ta'aziyyar nan ta shiga mako na uku. Allah ya jiƙan mamacin, ko wane ne. Ba kwangila nake nema ba, jama'a, ba kujerar Makka ba. Kwamfutata nake nema, tawa ta kaina.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Zailani mai ɗan shagon wasan ƙwallo na kwamfuta kusa da tashar Rano. 'Yan acaɓa in rana ta take, teloli in ɗinki ya yi sauƙi, har wani malamin makaranta daga Madachi da ke shigowa yana waige-waige, duk a wurina suke hutawa. In an kira salla in kashe, kowa ya kama buta. Da kwamfutar nan nake cefane. Kwamfutar kuwa tsohuwa ce tukuf, tun farkon dawowar mulkin farar hula ta shigo ƙasar nan, can inda ta fito ma sai da ta gama wa wani bauta. Kwanan baya ta ɗauko sabon hali: da ƙwallo ta doshi raga sai ta sandare, ɗan wasa ya tsaya ƙafa ɗaya a sama, a yi ta zagina kamar ni na riƙe shi. Wasu har sun koma wani sabon shago a Kibiya.

Na kira Mato mai gyaran rediyo, wanda ya naɗa kansa injiniyan kwamfuta ba da shawarar kowa ba. Ya buɗe ta, ya hura, ya ja tsaki.

"Zailani, wannan ba ciwo ba ne, yunwa ce. Ram take so, wato ƙarin ƙwaƙwalwa, da katin hoto."

Ya faɗi kuɗin sababbi a Kano. Na ce ya mayar da murfi, Allah ya ba ta haƙuri.

"Kai ma dai," in ji shi. "Wa ya aike ka Kano? Je ka ga Alu."

Alu shi ne maigadin cibiyar. Kun san ta, ginin nan mai shuɗin fenti a hanyar Kibiya, wanda Mai Girma Sarkin Almakashi, babban ɗan siyasarmu gwanin yanke ƙyallen buɗe gini, ya buɗe har sau biyu, sau ɗaya kafin zaɓe, sau ɗaya da aka sake fenti. Kwamfuta ashirin ke ciki, kowace lulluɓe da leda, ba a taɓa ja musu wuta ba. Alu bai tsaya wani noƙe-noƙe ba. Ya zaro ram daga aljihu, naɗe a takardar tsire.

"Alu, wannan ba na hukuma ba ne?"

"Na hukuma ne mana, ai shi ya sa yake da kyau. Manya sun kwashe na kirki tun tuni, mu kala muke yi."

Na yi istigfari, na saya. Kada wanda ya ɗaga mini gira, da yawanku kun buga wasa da ita kuna ihu. Mako na gaba katin hoto, na bayansa fanka. Tsohuwa ta miƙe tana gudu, ƙwallo na shiga raga, waɗanda suka gudu Kibiya suka dawo har da baƙi. Wallahi na jima ban yi farin ciki irin wannan ba.

Kwatsam sai aka ce za a buɗe cibiyar karo na uku. Sarkin Almakashi zai kawo wani babban baƙo daga nesa, baƙon kuwa yana da mugun hali guda ɗaya: sai ya ga an kunna abu da idonsa. Aka yaye ledoji, aka ɗaɗɗaga kwamfutoci, kowace sakayau kamar gwangwanin madara. A cikin ɗaya ma ɓera ta haihu.

Ran Talata sai ga mota a ƙofar shagona. Alhaji Sakataren Kwamitin Tarba ya sauko yana gyara babbar riga, yana ce mini "ɗan kishin ƙasa". Ya ce aro suke so na yini ɗaya tak. Na ce ranka ya daɗe, da ita nake ciyar da iyali. Ya yi murmushi ya ce ai sun san inda kayan cikinta suka fito. Na dubi Alu a bayan mota, Alu ya dubi sama. Da hannuna na ɗora musu ita, suka haɗa da janareto da man da na yini a layi kafin in samu.

Suka ɗauko Mato ya juye kayan cikinta a sabon akwati mai sheƙi. Ranar biki ina can baya, rana na gasa ni. Aka yanke ƙyalle, baƙo ya danna, sai ga filin ƙwallo kore shar, domin haka na saita ta. Sarkin Almakashi ko ƙiftawa bai yi ba, ya ce wannan shi ne sashen ilimin motsa jiki na zamani. Aka ɓarke da tafi, maroƙa suka ɗauka. Ni ma na tafa, domin duk abin da ya yi aiki a ginin nan ranar nawa ne.

Bayan la'asar na je ɗauka. An buga mata lamba da jan fenti, an danna wa ƙofa kwaɗo. Sakatare ya ce abin da babban baƙo ya taɓa da hannunsa ya zama kayan jama'a, in ina da magana in rubuto. Na rubuto. Ashe ni ba na cikin jama'a.

Yanzu shago ba kowa sai benci. Matata Barira ta daina tambayata yaya aka yi, ta kafa kaskon awara a ƙofar gida, da shi muke ci. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ɗazu ina fitowa daga ofishin, Alu ya ja ni gefe yana raɗa. Wai sabon kaya ya samu, ram da katin hoto har da fanka, an gwada suna aiki, ni ma shaida ne. Kuma saboda ni tsohon mai saye ne, zai yi mini ragi. To, masu yawo kuna cewa ba a tausayin talaka a ƙasar nan, ku ji tsoron Allah.