Kanwar Japan a Kunun Jegona

Ba zan taɓa mantawa ba da kunun da na dama ina kwana goma da haihuwar Fadila, a ɗakinmu na unguwar Ard al-Liwa, can ƙasar Larabawa inda muke zaune.

Kafin cikina ya tsufa, shara da goge-goge nake yi wa wata 'yar Japan a unguwar Dokki. Madam nake ce mata. Iyayenta suna da masaukin baƙi a wani ƙauye can arewacin ƙasarsu. Ta sha nuna min hotuna: duwatsu, ƙanƙara fari fat, ruwan zafi na ɓulɓulowa daga ƙasa ba itace ba gas, baƙi kuma a ƙasa suke shimfiɗa katifa kamar mu. Da na haihu ta aiko min da wasu 'yan ƙunshin gari, da hoton ruwa mai tururi a jiki.

Lokacin kuwa hankalina a tashe yake. Nono ya ƙi zuwa sosai, Fadila sai kuka, kanwar da na zo da ita daga gida ta ƙare. Na farke ƙunshi ɗaya na lasa. Wallahi kanwa! Na dama kunu tukunya guda. (Ya ɗan yi kore, amma na ce ai kowace ƙasa da irin tata.)

Mata suka zo barka, har da Hajiya Balki 'yar Damagaram da ke min wankan jego. Na zuba musu ina fankama: "Ku sha, kanwar Japan ce."

Hajiya ta kurɓa. "Maijego, kununki turare yake."

Muna cikin sha Madam ta shigo ganin jaririya. Ta dubi ƙunshin, ta dubi kofuna, ta dafe ƙirji.

"La! La! Hammam!" Ta faɗa da Larabci, ta shiga cuɗa hannunta kamar mai wanka. Ashe garin ruwan zafin garinsu ne, na zubawa a ruwan wanka.

Hajiya ta ajiye kofi a hankali. "'Yar nan, ruwan wankanki muka sha?"

Na fashe da kuka, don kofi uku na sha kuma na ba Fadila nono. Da gudu muka je wurin mai kemis. Ya yi ta dariya: "Ma'alish, ba komai, jaririya lafiya. Ku dai ku zauna kusa da bayi."

Bai yi ƙarya ba, ranar layi muka yi.

Washegari Hajiya ta kawo kanwar gaske, nono ya zo, Fadila ta yi barcinta. Sauran garin na yi wanka da shi, jikina ya saki, ya yi sakayau.

Yanzu ko gishiri aka ba ni kyauta sai na tambaya: na ciki ne, ko na jiki?